Wuta-wuta Ba Ta Jin Fartanya

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na bi mata. Duk da haka, abin da ake ɗauka a gonakin Kano da Jigawa da Maradi da Damagaram bai kai abin da ƙasar za ta iya bayarwa ba. An fi ɗora laifin a kan tsutsa da ƙarancin ruwa, kuma suna da nasu kason. Amma ɓarnar ciyawa ba a cika lissafa ta ba, saboda yawanci ta gama aikinta tun manomi bai farga ba.

Wake yana jinkirin tashi a makonninsa na farko, a daidai lokacin da harkiya da aya-aya da ƙarangiya ke rige shi ruwa da taki da hasken rana. Shi ya sa masana ke cewa a yi noman firi mako biyu zuwa uku bayan shuka, a yi maimai wajen mako na biyar ko na shida. Daga nan yaɗonsa ya rufe ƙasa, shi da kansa zai danne ciyawa. Wanda ya bari sai wake ya fara fure, fartanyarsa ce za ta kakkaɓe furen. Manomi zai ce a makonnin nan gero da dawa ne ke jiran noma, 'yan ƙwadago kuma sun yi tsada. Gaskiya ne, ba wanda zai bar abincin gida ya bi wake. Sai dai kadada ɗaya da aka nome a kan kari ta fi biyu da ciyawa ta shanye. Feshin da ake yi bayan shuka kafin tsiro yana rage aiki, amma maganin da ke ƙone kowane irin ganye ba ya bambanta wake da harkiya.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka zo kan wuta-wuta. Ƙwayar irinta kamar ƙura take, tushe ɗaya na zubar da dubbai, kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10. Ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar wake ke fitarwa, sai ta manne wa saiwar tana tsotse ruwa da abinci. Ganye ya yi rawaya, ya yanƙwane, mai gona yana zaton fari ne. Kafin ta leƙo waje ta riga ta cuci shukar, don haka fartanya ba ta ceto amfanin bana. Wuta-wutar wake daban take da mai kama dawa da gero, wato hutar da gona daga wake na rage ta. Matsalar ita ce a gonakinmu wake na nan kowace damina a ƙarƙashin gero, ba ta taɓa rasa abinci ba.

Mafita mafi araha tana cikin iri. Wani waken gargajiya na ƙasar Botswana mai lamba B301 ba ya ba ta wurin kamawa, kuma masu bincike na cibiyar IITA sun shigar da wannan hali cikin sababbin iri. Tare da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, an fitar da SAMPEA 10 a 2008, sannan SAMPEA 14 da 15 a 2011. Masu ƙin su na cewa waken gida ya fi yaɗo, ya fi ba da harawa, kuma kasuwa ta saba da shi. Harawa kuɗi ce a rani, wannan ba abin musu ba ne, amma waken da wuta-wuta ta cinye ba ƙwaya ba harawa. Ba sai an watsar da na gida ba, a kai shi gonar da take lafiya, a sa sabon iri inda cutar ta yi katutu. Shi ma sabon ba layar tsari ba ne: a Zakpota ta Jamhuriyar Benin an sami nau'in wuta-wutar da ke kama B301. Dole a haɗa da takin gida, domin wuta-wuta ta fi ƙarfi a gajiyayyar ƙasa.

Saura aiki ɗaya da ba ya bukatar ko sisi. Duk wanda ya ga wuta-wuta ta leƙo a gonarsa, ya tuge ta kafin ta yi 'ya'ya, ya fitar da ita ya ƙone, kada ya bar ta a kan kunya.