Sharar Gida Takin Gona Ce

Kowace safiya akan share tsakar gida, a kwashe abin da tsintsiya ta tara a kai bola ko a watsa a kwata. Idan aka duba wannan shara da kyau, za a ga toka, ɓawon doya da na rogo, ƙaiƙayi, totuwar masara, ragowar tuwo, busasshen ganye, kashin kaji da na awaki, sai kuma leda. In ban da ledar, kusan dukkan waɗannan daga gona suka fito, kuma suna ɗauke da sinadaran da shuka ta tsotsa daga ƙasa. Saboda haka duk kwandon sharar da aka zubar, wani sashe ne na ƙarfin gona ya tafi.

Dalilin Da Ya Sa Ya Kamata A Damu

Yawancin gonakinmu sun gaji, domin ana nomansu shekara da shekaru ba hutu, kuma ruɓaɓɓen ganyen da ke riƙe danshi da abincin shuka ya yi ƙaranci a cikinsu. A irin wannan ƙasa ce wuta-wuta ta fi yin ɓarna. A taron da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a watan Yunin 2006, an amince a ɗaga yawan takin zamanin da ake amfani da shi daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Sai dai tsadar taki, wadda ta ƙaru a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ta sa ƙaramin manomi ba ya iya sayen abin da gonarsa ke buƙata.

Mayar da shara gona ba baƙon abu ba ne. Tun zamanin da, manoman kewayen birnin Kano ke kai itace da amfanin gona cikin gari a kan jakuna, su dawo da mangaloli cike da takin juji. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake noma gonakin yankin kowace shekara. Abin da ya sauya a yau shi ne leda, kwalabe da batura sun cika jujin.

Raba Shara Tun Daga Tsakar Gida

Matakin farko shi ne a tanadi mazubi uku, ko da tsofaffin bokitai ne ko kwanduna.

Na ɗaya na abin da dabbobi za su ci ne: dusa, kowar wake, ɓawon doya da na dankali, da ragowar abincin da bai lalace ba. Ɓawon rogo ma abinci ne mai kyau ga awaki da tumaki, amma ɗanyensa yana da guba, musamman na rogo mai ɗaci. A wanke shi, a shanya a rana har ya bushe ƙayau kafin a ba su. Kada a ba dabba ɓawon da ya yi fumfuna.

Na biyu na abin da zai ruɓe ne: ganye, ƙaiƙayi, ɓawon ayaba da na ƙwai, kashin dabbobi da sharar turke.

Na uku na abin da ba ya ruɓewa ne: leda, roba, gwangwani, fasasshiyar kwalba da batir. Masu jari-bola suna sayen ƙarfe da wasu robobi, don haka a ware musu nasu.

Wannan aiki yana hannun matan gida da yara, domin su ke shara da girki. Malamin gona da ya koyar da magidanta kaɗai ya yi rabin aiki ne.

Yadda Ake Haɗa Takin Gargajiya

1. A zaɓi wuri mai inuwa, nesa da rijiya. A yankunan da ba ruwan sama sosai, a haƙa rami mai tsawon mita 2, faɗin mita 1 da rabi, zurfin da bai wuce mita 1 ba. A Kudu da sauran wuraren da ruwa ke kwanciya, a tara shi tsibi a bisa ƙasa, domin rami zai cika da ruwa.

2. A shimfiɗa yankakken kara a ƙasa don iska ta riƙa shiga.

3. A zuba busassun abubuwa kamar ƙaiƙayi da ganye kaurin taƙi ɗaya, a ɗora ɗanyen ganye da sharar kicin, sannan kashin dabbobi, a barbaɗa ƙasa da toka kaɗan. A yayyafa ruwa, a ci gaba da jerawa haka har ya cika.

4. A rufe da ciyawa ko ganyen ayaba, a soka doguwar sanda a tsakiya.

5. Bayan kwana 3 zuwa 7 a zaro sandar a taɓa. Idan da zafi da danshi, aiki yana tafiya. Idan ta bushe, a ƙara ruwa. Idan ana jin ɗoyi, ruwa ya yi yawa, sai a juya a ƙara busasshen ganye.

6. A riƙa juyawa kowane mako 2 zuwa 3. Cikin kamar wata 3 takin zai nuna: zai yi baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙanshin ƙasa.

Ƙananan halittun da ido ba ya gani su ne ke cinye sharar, kuma suna buƙatar iska da danshi. Aikinsu ne ke kawo zafin da kan kai digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Wannan shi ne fifikon takin da aka haɗa a kan ɗanyen kashin dabbobi, wanda kan ƙone shuka ya kuma yaɗa ciyawa. Kada a saka nama, mai, kashin kare ko na kyanwa, ko wuta-wutar da ta riga ta yi iri.

Yadda Ake Amfani Da Shi

Ya kamata a fahimci iyakar wannan taki. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, alhali sai an tara kusan tan 2 na busasshen takin gargajiya kafin a samu kwatankwacin haka. Babban amfaninsa shi ne gyara jikin ƙasa: yana sa ta riƙe ruwa, ya kuma hana ruwan sama wanke takin zamani. Haɗa su biyun ya fi amfani da ɗaya shi kaɗai. Wanda takinsa kaɗan ne, ya zuba cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowane ramin shuka maimakon watsawa a gona duka.

Tokar itace tana da sinadarin fotash da kalsiyam, tana kuma rage tsamin ƙasa. Amma kada a gauraya ta da yuriya, domin naitirojin ɗin zai tashi ya bi iska.

Leda, Ɓeraye Da Mazubin Magani

Ledar da ta shiga gona takan daɗe ba ta ruɓe ba, tana tare saiwa da ruwa. Dabbar da ta haɗiye ta takan kumbura ciki, ta daina cin abinci, ta rame, wani lokaci har ta mutu. Ƙona ta kuma yana fitar da hayaƙi mai cutar da huhu. Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, Jihar Legas kuma ta hana mazubin abinci na farin soso a 2024. Iyali ba sai sun jira doka ba: a tafi kasuwa da kwando ko jakar yadi, a sayi mai a kwalbar gida.

Ragowar abincin da aka watsar kusa da ɗaki yana jawo ɓeraye, waɗanda ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu a 1969. A rufe mazubin shara, a ajiye hatsi a rufaffen wuri. Buhun PICS mai ruɓi uku yana kare wake daga ƙwari ba tare da magani ba, muddin bai huje ba.

Mazubin maganin feshi kuwa, a ɗauraye shi sau 3, a juye ruwan cikin tankin feshi, a huda shi. Kada a taɓa zuba ruwan sha, mai ko nono a ciki.

Kira Ga Malaman Gona

Gani ya kori ji. A kowane ƙauye a samu gida ɗaya da zai haɗa takin, a ware kunya goma da aka sa wa takin gargajiya tare da na zamani, kusa da wasu goma da aka sa wa na zamani kaɗai, sannan a gayyato maƙwabta, maza da mata, lokacin girbi. Wanda ya fara tara shara bayan kaka, takinsa zai nuna kafin saukar ruwan shuka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.