Kwamfutar aljihu mai sauƙin kuɗi: abin dubawa kafin a biya

Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a Aliero a 2006, karatu ya sauya kama. Takardun darasi yanzu ta WhatsApp suke yawo, haka ma a kwalejin kiwon lafiya ta Jega. Yaron Maiyama mai shirin JAMB kuwa dole ya saba da amsa tambaya a fuskar na'ura, domin tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta jarrabawar. Kwamfutar cinya ta fi ƙarfin gidaje da yawa, sai wayar Android ta zama ɗakin karatu da gidan kallo a aljihu ɗaya. Abin da ke damuna shi ne uba ya sayar da albasarsa ya ba ɗa kuɗi, ɗan ya ƙarar da su kan kyamara.

Wurin da aka fi ruɗar mai saye shi ne lambobin da ke jikin kwali. Ma'ajiya, wato 64GB ko 128GB, ita ce sito. RAM kuma ita ce tabarmar da ake baje kaya a kai, in ta yi kaɗan sai an kwashe wani kafin a shimfiɗa wani. Shi ya sa waya ke maƙalewa idan ka buɗe PDF mai shafi ɗari biyu kana kuma sauraron bayanin malami. Yanzu ana rubuta 4GB+4GB, mai shago ya ce maka takwas ce. Huɗu ce ta gaskiya. Ragowar aro ce daga ma'ajiya, kuma ba ta kusa da saurin ta ainihi. Lambar farko za ka riƙe. Mai 2GB za ta kira, ta nuna fim, amma ɗalibin jami'a zai sha wahalarta. In aljihu ya yarda, a nemi 4GB.

Sai batir. Inda wuta ke zuwa da wuya, kuma caji a shago kuɗi ne, batir mai 5000mAh ya fi kyamarori uku amfani. Zafi ma yana cin batirin litiyom, ga shi a watan Afrilu zafin yankin nan kan haura digiri 40. Kallon fim ana caji, waya a ƙarƙashin matashi, shi ke kashe ta da wuri.

Tablet ta fi daɗin karatu, musamman ga mai duba zanen sassan jiki ko lissafi, sai dai masu arha da yawa ba su da suna, in gilashi ya fashe shi ke nan. Tecno, Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne na Shenzhen a ƙasar Sin, kuma kayan gyaransu sun fi yawa a kasuwanninmu. Kafin ka saya, tambayi mai gyara a Jega wace waya yake da gilashinta a ajiye.

Ga mai son kallon shirye-shirye irin su Labarina ko Izzar So, a tabbatar akwai gurbin katin memori, don a sauke ko a tura lokacin da data ta samu, a kalla daga baya ba tare da fim ya ture littattafai ba.

Waya ta hannu, wato wadda wani ya yi amfani da ita, na iya zama riba, amma a gwada ta a gaban mai shago. Danna *#06#, lambar IMEI ta fito, ka gwama ta da ta kwali. Sa layinka ka ga ko tana ɗaukar 4G. Sannan a goge ta gaba ɗaya kana tsaye, domin in asusun Google na tsohon mai ita na ciki, za ta kulle ta nemi kalmar sirrinsa. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar IMEI ɗin, saboda wayar sata kan ja wa mai saye zuwa ofishin 'yan sanda.