Kafin A Jona Wa Tsohuwar Talabijin Wuta

Duk wanda ya tsinci tsohuwar talabijin a ɗakin ajiya, abu na farko da zuciya ke raya masa shi ne ya jona ta ya ga ko za ta kawo hoto. To, wannan jonawar ce ke hallaka da yawa daga cikinsu. Akwatin da ya yi shekara hamsin ko sittin yana zaune lafiya cikin ƙura, minti biyu sun isa a ƙona shi, wani lokacin har wutar ta taɓa mai jonawar.

Ina magana ne a kan talabijin mai bawul, wato mai kwalabe a ciki, irin wadda aka yi yayi kafin zuwan taransisto. Bawul kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta, aka sa mata siririyar waya mai ɗaukar zafi, tana sarrafa wutar lantarki. John Ambrose Fleming ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1904. Da irin waɗannan akwatuna aka kalli BBC lokacin da ta fara watsa shirye-shirye daga Alexandra Palace a watan Nuwamba 1936, da su kuma jama'a suka kalli naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953. Da aka buɗe tashar Ibadan a 1959, Kaduna ta biyo baya a 1962, akwatunan da suka fara shiga gidajen ma'aikata da attajirai masu kwalabe ne. Wanda ya san su ba zai manta yadda ake kunnawa a zauna jira ba, murya ta fara zuwa, can daga baya hoto ya bayyana.

Abin da mutane suka fi zargi su ne kwalaben, alhali su ne suka fi tsawon rai. Masu laifi na gaskiya ƙananan kafasitoci ne na takarda da aka lulluɓe da kakin zuma. Shekara da shekaru takardar tana shan laima, har ta fara barin wuta ta bi ta inda bai kamata ba. A ce ɗaya daga cikinsu tana gaban bawul ɗin da ke tura sauti: da ta fara yoyo sai bawul ya ja wuta fiye da kima, ya yi ja wur, ya ƙona taransifomar da ke bayansa. Kafasitar kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma samun irin taransifomar yau da wuya. Shi ya sa ƙwararru ke canja na wurare masu haɗari tun kafin wuta ta shiga, sauran kuma ɗaya bayan ɗaya, ana yi ana gwadawa. A ganina wannan ya fi cire su gaba ɗaya a zama guda, domin in ka karkatar da waya ɗaya cikin arba'in, nemo ta sai ya fi gyaran wuya.

Akwai kuma manyan kafasitoci masu kama da gwangwani, waɗanda ke tace wuta. A cikinsu akwai wani siririn rufi a jikin alminiyam, wanda ke zaizayewa in an daɗe ba a yi aiki da su ba. In aka sakar musu cikakkiyar wuta farat ɗaya sai su yi zafi, su kumbura, har su fashe. In kuwa aka ba su kaɗan-kaɗan ta cikin rizisto, ana duba mita na wasu sa'o'i, rufin yakan sake ginuwa. Kamar mai azumi ne: da ruwa da kunu ake farawa kafin a kai ga tuwo.

Sai batun ran mai gyara, wanda ya fi komai. Don rage tsada da nauyi, masu ƙera talabijin a Ingila da sauran Turai a shekarun 1950 da 1960 sun yar da babbar taransifomar wuta. Bush TV22 ta 1950, mai gilashi inci 9, haka take. Wayoyin zafi na kwalabe an jera su ne a layi ɗaya, wuta mai ƙarfin miliamfiya 300 tana ratsa su duka, shi ya sa sunayen da yawansu suka fara da harafin P, kamar PL81. Ɗaya ta tsinke, duk sun mutu. Abin tsoron shi ne, ƙarfen da aka ɗora kayan a kai haɗe yake kai tsaye da ɗaya daga wayoyin soket. In filogi ya shiga a juye, ko mai haɗa wutar gidan ya musanya wayoyi, ƙarfen nan gaba ɗaya yana ɗauke da bolt 230. Katako ko robar jikin akwatin ne kawai tsakanin mai kallo da ajali, kuma mai gyara ya riga ya cire su.

Maganin wannan shi ne taransifomar da ke raba akwatin da wutar gida. Kada a rikita ta da na'urar da ake murɗawa don ƙara wuta ko ragewa, wadda ake kira bariyak. Ita ba ta raba komai. Ko da mai rabawar, wanda ya taɓa wurare biyu a lokaci guda zai sha shokin. Tsofaffin masu gyara sukan sa hannu ɗaya a aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji daga hannu zuwa hannu. A tsaya a busasshen wuri da takalmi, a cire zobe da agogo, kuma kada a yi aikin ba kowa a kusa.

Gilashin hoto shi ma yana da nasa haɗarin. Yana aiki da dubban bolt, kuma yakan riƙe caji bayan an kashe, sai an sauke shi ta cikin rizisto zuwa jikin ƙarfen. Cikinsa babu iska, don haka in wuyansa ya karye yana iya tarwatsewa. Ba a ɗaga shi ta wuya, ba a taɓa shi ba tabarau. Akwatunan da aka yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu sun fi muni, domin dubban bolt ɗinsu daga taransifomar wutar gida suke fitowa, kuma suna kisa nan take. Waɗannan ba na ɗan koyo ba ne.

Ranar kunnawa, babban abokin aiki kwan fitila ne, irin na da mai waya a ciki, kamar mai wat 100. Ana sa shi a kan hanyar wuta tsakanin soket da talabijin. In komai lafiya, zai haska da ƙarfi na ɗan lokaci, sannan ya dusashe. In ya tsaya da haske tar, akwai inda wayoyi suka haɗu, kuma kwan ya shanye wutar da za ta yi ɓarna. Kwan zamani na LED ba ya wannan aikin, don haka wanda ke da na da ya adana shi. Daga nan sai ido da kunne da hanci: kwalabe su yi ɗan haske ruwan lemo, a ji siririn fito daga sashen da ke zana layuka, wanda a tsarin layi 405 na Ingila yake kaɗawa sau 10,125 a daƙiƙa. Warin ƙuna, hayaƙi, ko farantin cikin bawul ya yi ja, a kashe nan take. Taransifomar layi kuwa tana shan laima, musamman in akwatin ya yi damina da yawa a ɗakin da ke yoyo, don haka a bar ta ta bushe sosai a wuri mai ɗumi, farkon kunnawa kuma a yi na gajeren lokaci.

Ko an gama duk wannan, eriya ba za ta kawo komai ba a wurare da dama. Ingila ta rufe tsarin layi 405 a Janairun 1985, saboda haka mai TV22 sai ya nemi na'urar da ke juya hoton zamani zuwa tsohon tsari. Akwatunan da aka sayar a Najeriya na layi 625 ne, nasu ya fi sauƙi: ƙaramar na'urar da ke mai da hoton dikoda ko bidiyo siginar eriya ta wadatar. Sai dai a tabbata ramin eriyar yana da kafasitocin kariyarsa lafiya, domin ta nan wutar ƙarfen ke iya bin waya ta kai ga dikoda da hannun wanda ke riƙe da ita.