A Tumɓuke Ƙuduji Tun Bai Zubar da Iri Ba

Manoman Gusau da Tsafe da Bungudu, ku saurara. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ta gindin dutsen Kwatarkwashi zai hango wani fure mai launin shunayya ya yi layi a ƙarƙashin dawa da gero. Yara na tsinkarsa, matasa na ɗaukar hotonsa a waya. Wannan fure ƙuduji ne, wanda wasu ke kira wuta-wuta, kuma ranar da ya buɗe, ranar ce ya fara shirin cinye gonar baɗi.

Ƙuduji ba ya neman abincinsa da kansa. Irinsa na kwance a ƙasa har sai ya ji saiwar dawa ko gero ko masara a kusa, sai ya tsiro ya manne mata, yana zuƙe ruwa da abincin da shuka ke ja. Makonni yake yi yana wannan ɓarna a ƙarƙashin ƙasa kafin ya leƙo. Shi ya sa za ka ga an yi ruwa isasshe, an yi noman firi da maimai, amma dawa ta tsumbure, ganyenta ya yi ruwan ɗorawa yana naɗewa, kara ya sirance, zangarniya ta fito ba nauyi. Wake ma yana da nasa nau'in ƙudujin.

Babban haɗarin yana cikin irin. Tsiro ɗaya kan zubar da ƙwaya 50,000 ko fiye, ƙanana kamar ƙura, kuma suna iya zama a ƙasa sama da shekara 10 ba su mutu ba. Iska na ɗaukarsu, ruwa na gangarar da su gonar maƙwabci, suna bin garma da fartanya da kofaton shanu. A Amurka, inda aka ga wani nau'insa a jihar Karolina ta Arewa a 1956, sai da gwamnati ta shafe gomman shekaru tana yaƙarsa da kuɗi da ma'aikata. Mu nan ba mu da wannan gata, sai hannayenmu.

Halin da muke ciki ya ƙara masa ƙarfi. Rashin tsaro ya raba mutane da gonakin nesa, an dawo ana noma na bakin gari shekara da shekara, dawa a kan dawa, ba hutu, ga taki ya yi tsada. Ƙasar da ta gaji ita ce gidan ƙuduji.

Don haka a farfaɗo da gayya. Masu unguwanni da limamai su sa rana, matasa su fito, a bi gonaki kunya-kunya kafin furen ya ƙulla iri. A tumɓuke shi da hannu, a zuba a buhu, a fitar da shi daga gona a ƙone. Kada a yar da shi a bakin kunya ko a kan burtali, domin wanda ya riga ya yi fure yana iya nunar da irinsa ko bayan an cire shi. Kada a ba dabbobi, irin zai iya dawowa gona cikin taki. A kuma kula: lalo da gasaya da rama da ke fitowa a gefe abincinmu ne, ba su ake yaƙa ba.

Baɗi kuma a sauya shuka. Waken soya da gyaɗa da auduga suna sa irin ƙuduji ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu. A zuba takin gida, a tambayi malaman gona irin masara da dawa masu jure masa, irin waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar.

Wanda ya share gonarsa, maƙwabcinsa ya bar tasa, duka biyun sun yi asara. Ku yi magana da juna a masallaci da kasuwa, ku sa ranar gayya a wannan makon. Allah Ya ba mu damina mai albarka.