Tsohuwar Sikirefa da Haƙƙinta a kan Mai Tuƙa Ta

Cikin injunan da ɗan Adam ya ƙera domin sarrafa ƙasa, da wuya a sami wanda ya tara ayyuka a jiki ɗaya kamar sikirefa, wato injin kankare ƙasa. Alhali injin haƙa yana jiran tifa ta kwashe masa, tifa kuma tana jiran katafila ta baje abin da ta juye, ita sikirefa da kanta take yankan ƙasa, ta cika cikinta, ta kai inda ake bukata, sa'an nan ta shimfiɗa ta gwargwadon kaurin da injiniya ya ƙayyade. Saboda wannan falala ce ta yi sarauta a ayyukan hanya da filayen jirgin sama da madatsun ruwa tun daga shekarun 1930 har zuwa na 1970. Madatsar ƙasa irin ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, inda ake ɗebo ƙasa daga kusa a jera ta hawa bisa hawa ana dannewa, ita ce ainihin nau'in aikin da aka ƙera wannan inji dominsa.

Asalinta a Amurka yake. A 1883 wani maƙeri ɗan asalin Sikotlan mai suna James Porteous, mazaunin garin Fresno a Kalifoniya, ya daidaita wata makankara da dawaki ke ja domin manoma masu gina hanyoyin ban ruwa. Amma wanda ya mai da ita inji na haƙiƙa shi ne R. G. LeTourneau, wanda ya rayu daga 1888 zuwa 1969, mutumin da bai yi zurfin karatun boko ba, lakin Allah ya hore masa basirar walda da ƙira. Shi ya ɗora mata tayoyin roba a 1932, lokacin da sauran jama'a ke ganin ƙarfe kaɗai zai iya ɗaukar irin wannan nauyi, kuma a ƙarshen shekarun 1930 ya fito da Tournapull mai tafiya da injinta, ba sai katafila ta ja ta ba. Kamfanin Caterpillar, wanda a dā dillalansa ke sayar da kayan LeTourneau, ya fara ƙera nasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya fitar da DW21 a 1951, kamfanin Euclid kuwa ya shahara da mai inji biyu, ɗaya gaba ɗaya baya.

Siffarta ba ta da wuyar fahimta. Akwai babban akwatin ƙarfe mai wuƙa a bakinsa ta ƙasa, da ƙyaure a gaba wanda ake ɗagawa ƙasa ta shiga a kuma rufe kada ta zube, da bango a baya wanda ake turowa gaba ya fitar da kayan. A tsofaffin, kafin tsarin mai mai matsi ya maye gurbi a farkon shekarun 1960, dukan waɗannan motsi igiyar ƙarfe ke yin su. A bayan katafila ko kan injin akwai ganguna biyu da igiya ke naɗuwa a kansu, kowace da kulocinta da birkinta da sandar da direba ke riƙewa: ɗaya tana ɗaga akwati ko ta sauke shi, ɗayar kuwa tana buɗe ƙyaure, idan aka ci gaba da ja ta turo bangon baya, wanda sifirin ke mayar da shi mazauninsa bayan an sake shi.

A nan ne ilimin direba yake bayyana, domin sandar nan ba ta san rabin hanya ba sai a hannun gwani. Idan ya saki birki gaba ɗaya, akwati zai faɗi da nauyinsa, wuƙa ta nutse, inji ya shaƙe ya mutu; idan kuma ya ci gaba da ja bayan akwati ya kai maƙurarsa, igiya ta tsinke nan take da ƙara mai firgitarwa. Ma'abota wannan sana'a da kunne suke aiki fiye da ido, suna sauraren gurnanin inji, da zarar ya fara nauyi su ɗaga wuƙa kaɗan, ya sami numfashi su sake sauke ta. Sun san cewa yanka mai tsawo marar zurfi ya fi cika akwati a cikin yumɓu, rairayi kuwa, da yake ba ya tashi ya hau kansa sai dai ya taru a gaban wuƙa, dole a riƙa ɗaga akwati ana saukewa har ya haɗiye shi. Sun san kuma wajibi ne a yi lodi ana gangarawa matuƙar filin ya ba da hali, domin nauyin inji ya zama mataimaki maimakon abokin gāba. Mai tayar roba ba ta iya cika kanta a ƙasa mai tauri, sai katafila babba, D8 ko D9, ta sa bakinta a wani dungu da aka tanada a baya ta tura; idan direbobin biyu sun fahimci juna, cikin kamar minti ɗaya an cika an wuce, idan kuwa ba su jitu ba, taya ce za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana cinye kuɗin mai ita.

Game da kula da ita, igiya ce farilla ta farko. Ba ko'ina take ci ba, sai a wuraren da take yawan lanƙwasa a kan ƙananan gargare, sabili da haka masu hikima suke ɗaura ragowar igiya a naɗe bisa injin, idan sun ga zare ya fara tsitstsinkewa a wani gurbi sai su zaro sabuwa kaɗan, su yanke ƙarshen da ya gaji, wurin cin ya matsa gaba. Wanda ya jira sai ta tsinke, to zai kwana yana zura ta ta cikin gargare ɗaya bayan ɗaya, hannunsa duk tsaga. Kuma sabuwar igiya a kan gargaren da kwarinsa ya cinye ko borisinsa ya ƙage asarar dukiya ce kawai, domin ba za ta daɗe ba. Giris kullum safiya ga kowane gargare da kowace mahaɗa, amma kada ɗigo ɗaya ya taɓa fuskar kuloci ko ta birkin ganga, domin da zarar mai ya same su akwati zai riƙa sulalewa ƙasa da kansa. Wuƙa kuwa baki biyu gare ta, ana kwance ta a juya kafin cin ya kai ga gindin da aka ɗaure ta, wanda gyaransa ya ninka kuɗin wuƙar sau da yawa.

Tayar da inji ma yana da ladabinsa. Tsofaffin katafila ba su da batirin da zai juya babban injin gas, sai aka haɗa musu ƙaramin injin fetur mai silinda biyu, shi ake fara tayarwa, ya yi ta juya babban ba tare da an ba shi mai ba har baƙin mai ya zaga ko'ina kuma jiki ya ɗumama, sa'an nan a buɗe gas. Mai gaggawa da ke tsallake wannan ƙa'ida yana rage wa injinsa kwana. Bayan ya tashi, mustahabbi ne a rufe famfon fetur a bar ƙaramin ya mutu da kansa, kada ragowar fetur ta tsiyaya cikin baƙin mansa ta tsinka shi. A ƙasa irin tamu mai ƙurar hunturu, matatar iska ta wancan zamani, mai kwanon mai a gindinta, tana bukatar a zubar da lakar da ta tara a wanke ta kowace rana, haka kuma a tsiyaye ruwan da ya kwanta a gindin tankin gas da na tankin iskar birki.

Haɗarinta ba abin wasa ba ne, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba don ƙaunar tsohon ƙarfe. Yawancinsu ba su da rumfar da ke kare direba idan inji ya kife, birkinsu kuma rarrauna ne in an gwada da nauyin da suke ɗauka, shi ya sa ƙa'idar magabata ita ce a yi tafiya akwati yana kusa da ƙasa, idan birki ya ƙi a gangare a sauke wuƙa ta ci ƙasa ta tsayar da inji. Haramun ne a sana'ar nan mutum ya sa kansa ƙarƙashin ƙyauren da igiya kaɗai ke riƙe da shi ba tare da an tokare shi da gungume ba, ko ya tsaya kusa da igiyar da ke ɗauke da nauyi.

Injin haƙa mai aiki da matsin mai da manyan tifofi sun ƙwace mata kasuwa, kuma a kan dutse ko cikin taɓo ko nisan tafiya sun fi ta, la shakka. Amma inda ƙasa take busasshiya mai yankuwa, tafiyar kuma ba ta wuce 'yan ɗaruruwan mita ba, kamar haƙa tafkin shayar da dabbobi ko ɗaga ƙaramar madatsa, har yau mutum ɗaya da sikirefa mai igiya yana yin aikin inji uku, kuma kusan duk cutar da za ta same ta a fili take, bakanike mai walda da guduma yana iya warkar da ita ba tare da kwamfuta ba. Don haka wanda ke da ɗaya ajiye a bayan gareji, kafin ya kira masu sayen ƙarfe a kan kilo, ya nemi tsohon direban da ya taɓa riƙe sandar nan ya duba masa ita, ya kuma haɗa shi da yaro mai hankali da zai koya a hannunsa.