Kafin a Haƙa Burtsatse, Ki Sa a Duba Haƙoran Injin

Uwargida, idan unguwarku ta yi karo-karon haƙa burtsatse, kuɗin adashenki na ciki, don haka kina da ta cewa.

A Tofa, daga Lambu har Doka, dutse mai tauri ne a ƙarƙashin ƙasa, kamar yawancin ƙasar Kano. Ruwa mai ɗorewa yana can cikin tsagogin dutsen. Abin da ke fasa shi kuwa wani bakin ƙarfe ne a ƙarshen sandunan injin, mai haƙora kamar ƙwayar gurjiya.

Ki ce wa Maigida ko ɗan kwamiti ya duba abu 3 kafin a fara. Haƙoran sun side sun baje? Akwai waɗanda suka tsage ko suka fita? Gefen bakin ya cinye? In gefen ya cinye, ramin zai tsuke, bututu ya ƙi shiga. Dakusasshen baki yana shan mai, aiki ya riƙa tafiyar hawainiya, har wani mai haƙar ya tsaya da zarar ya ga ruwan farko.

Irin wannan burtsatse ce ke ƙafewa da bazara, yara su koma shan ruwan buɗaɗɗiyar rijiya. Daga nan sai mu gan su a asibiti da gudawa ko taifot.

A rubuta zurfin ramin a yarjejeniya, a ƙirga sandunan da suka shiga ƙasa, sannan a nisanta shi da masai aƙalla mita 30. Allah Ya raya mana zuri'a.