Yadda Kirista ɗan Arewa zai riƙe zumuncinsa da Allah a zaman Kudu

Na san galibin masu karanta wannan shafi 'yan'uwanmu Musulmi ne, to amma a cikin zangonninmu na Kudu akwai Kiristoci 'yan Arewa masu ɗimbin yawa, daga masu gadi da 'yan acaɓa har zuwa yaran mota da masu aiki a kwata. Ni ma ɗaya ne daga cikinsu. Mahaifina fataucin shanu yake yi, asalinmu ƙasar Malumfashi, kuma a Kara ta bakin Legas nake taya shi. Da su nake magana yau, amma wanda yake da yaro ko maƙwabci Kirista shi ma zai ƙaru.

Matsalar da muke fuskanta ita ce, a gida abubuwa da yawa ne suke riƙe mutum ba tare da ya lura ba. Uwa za ta tashe ka addu'ar safe, ƙararrawar majami'a za ta kaɗa, in ka yi fashin sujada sau biyu dattijo zai zo har gida. A Kudu duk babu wannan. Tirela ba ta san Lahadi ba, in ta iso daga Potiskum ko Mai'adua dole a sauke shanu. In ka shiga coci, da Yarbanci ko Ibo ko Turanci ake yi. Wani lokacin ma kana cewa kai Bahaushe ne kuma Kirista, sai a riƙa yi maka kallon mai wata manufa. Da haka yaro zai ce bari sai mako mai zuwa, har shekara ta zagayo. Ba wanda yake tashi rana ɗaya ya ce ya bar Allah, a hankali zuciya take yin sanyi.

Abu na farko shi ne tsayar da lokacin addu'a. A nan akwai darasi wurin maƙwabtanmu Musulmi: ana tsakar ciniki, lokacin salla na yi sai su ajiye komai. Mu ba a yanka mana awoyi ba, shi ya sa in ba ka yanka wa kanka ba, ba za ka yi ba. Annabi Daniyel baƙo ne a Babila, ga aikin gwamnati a kansa, amma sau uku yake durƙusawa a rana, kamar yadda sura ta 6 ta littafinsa ta nuna. Ni kiran sallar asuba ne agogona. Ana kira nake tashi, in yi minti goma sha biyar kafin in fita wurin shanu. Addu'ar ba sai ta yi tsawo ba. Ka gode, ka nemi gafara, ka roƙa wa iyaye da maigidanka, sannan ka faɗi damuwarka da bakinka yadda take.

Na biyu, karatun Littafi Mai Tsarki da harshen da kake ji har cikin ranka. Tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, kuma Dokta Walter Miller, likitan mishan da ya zauna a Zariya, yana cikin waɗanda suka yi wahalar fassarar. Yanzu yana cikin waya, a manhaja irin su YouVersion, akwai kuma na saurare ga wanda karatu yake yi wa nauyi. Lissafin mai sauƙi ne. Sabon Alkawari sura 260 ne, in kana karanta ɗaya kullum ka gama kafin wata tara. Littafin gaba ɗaya sura 1,189 ne, uku kullum da biyar ran Lahadi sun kai ka ƙarshe cikin shekara. Sabon farawa ya kama Bisharar Markus, sura 16 ce kacal. Karin Magana kuwa 31 ce, kowace rana ta wata da tata. In ka karanta, tsaya ka tambayi kanka: me wannan yake so in canza yau? In ba ka yi haka ba, karatun zai wuce kamar labarin rediyo.

Na uku, kada ka zauna kai kaɗai. Duk wanda ya san shanu ya san wadda ta ware daga garke ita ɓarawo yake fara kamawa. ECWA da COCIN da EYN suna da majami'u a manyan biranen Kudu, kuma da dama ana sujada da Hausa, musamman kusa da bariki da unguwannin 'yan Arewa. Tambayi masu gadi ko matan da ka gani da kayan Zumuntar Mata, za su nuna maka. Kafin ka baro gida, karɓi takarda daga fastonku ka kai wa na can, don a san ka, a neme ka in ba a gan ka ba. In aikin Lahadi ya tare ka, yi magana da maigidanka tun farko, ba ranar ba. Yawancin iyayen gida masu tsoron Allah sun fi yarda da yaro mai ibada. In ya gagara, akwai addu'ar tsakiyar mako da taron matasa, ko ku haɗu mutum uku a ɗaki ku yi karatu.

Sai dai a yi hattara wajen zaɓen inda za a zauna. Kudu akwai masu wa'azi na gaskiya, akwai kuma masu sayar da mai da ruwa da sunan mu'ujiza, su ce sai ka shuka kuɗi kafin Allah ya ji ka. Yaron da ya yi wata yana tara abin aika wa gida, a dare ɗaya za a raba shi da shi. A Ayyukan Manzanni sura ta 8, Bitrus ya tsawata wa Siman don ya nemi sayen baiwar Allah da kuɗi. A sura ta 17 kuma an yabi mutanen Biriya saboda suna bincika Nassi su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake. Wannan ma'aunin ya ishe ka.

Na huɗu, kuma a nan ake gane ko mutum yana girma, shi ne halinka a kasuwa. Baba yakan ce bangaskiyar da ba ta iya shiga kara ba, ta ado ce. In saniya ba ta da lafiya, ka faɗa wa mai saye. In dillanci kake yi, la'adarka ta ishe ka, kada ka ci ta gaba ka ci ta baya. In mahauci ya ba ka kuɗin maigida, kai su cif. Littafin Karin Magana ya yi kakkausar magana a kan ma'aunin zamba, annabi Amos ma, wanda shi kansa makiyayi ne, ya yi faɗa da 'yan kasuwa masu tauye mudu. Ga kuma jarabar daren birni: giya, ƙwaya, cacar ƙwallo a waya, da matan banza. Wanda yake kwana da kuɗin ciniki a aljihu, ba mai ganinsa, shi ya fi kowa buƙatar aboki ɗaya da zai iya tambayarsa ina ya kwana.

Wanda ya riga ya yi nisa kuma, kada kunya ta hana shi dawowa. Labarin ɗan da ya bar gida ya ɓatar da gadonsa yana cikin Luka sura ta 15, kuma ubansa da gudu ya tarye shi. Fara da abu ɗaya a wannan makon: ko addu'ar asuba, ko sura ɗaya ta Markus, ko neman majami'ar Hausa mafi kusa da kai. In kuma kai ne ka daɗe a gari, ka ga sabon yaro ya sauka daga mota, tambaye shi inda yake sujada, ka riƙe hannunsa ran Lahadi.

Allah ya tsare mu a baƙunci, ya mai da mu gida lafiya.